Mark Hughes da Herbalife: Kasuwanci ne ko damfara, kuma me ya bari a bayansa?

A watan Maris na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar zuba jari, wadda ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da tsarin Ponzi, wato biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi. Ba a yi wata guda ba CBEX, wani dandalin zuba jari na intanet, ta rufta da kuɗin jama'a. Tun daga nan wata tambaya ta riƙa yawo: su kuma masu sayar da shayin rage ƙiba da ƙwayoyin ƙarin kuzari, waɗanda ke cewa "zo ka yi rajista a ƙarƙashina", a wane sahu suke? Wasu na ganin duk kanwar ja ce. Wasu kuma na cewa ai waɗannan suna da kaya a hannu, don haka ciniki suke yi kamar kowa.

Amurka ta shafe sama da shekara 40 tana fama da wannan tambaya, kuma mutumin da sunansa ya fi fitowa a cikinta shi ne Mark Hughes, wanda ya kafa kamfanin Herbalife a birnin Los Angeles a 1980, ya mutu a 2000 yana da shekara 44. Rayuwarsa da shari'o'in da suka biyo bayan kamfaninsa sun nuna inda hukumomi suka ja layi, da kuma dalilin da ya sa layin bai fito sarai ba har yau.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne sayarwa hannu-da-hannu. Kamfani ba ya kai kayansa kanti. Yana ba wakilai ne a kan farashin sari, su bi gida-gida ko ofis-ofis su sayar, ribarsu ita ce bambancin da ke tsakanin farashin biyu. Babu wani abin ruɗani a nan.

Na biyu shi ne kasuwanci mai hawa-hawa, wanda aka fi sani da netwok. A nan wakili yana da hanyar samu biyu: ribar abin da ya sayar da hannunsa, da kamasho a kan sayayyar mutanen da ya shigo da su, da ta waɗanda su ma suka shigo da su. Tsarin ya girmi Hughes. A 1945 aka fara amfani da shi wajen sayar da ƙwayoyin bitamin na Nutrilite, kamfanin Carl Rehnborg da ke California. Biyu daga cikin wakilan Nutrilite, Rich DeVos da Jay Van Andel, su ne suka ɓalle suka kafa Amway a 1959.

Na uku shi ne damfarar kawo-mutum, wadda ke da siffar dalar gyaɗa: buhu ɗaya a ƙololuwa, ɗaruruwa a ƙasa suna ɗauke da shi. Kuɗin na sama yana fitowa ne daga aljihun sababbin shiga. Tsarin Ponzi ɗan'uwanta ne, sai dai shi alkawarin ribar jari yake yi, ana biyan tsofaffi da kuɗin sababbi, kamar yadda MMM ta yi a Najeriya kafin ta daskarar da asusun mutane a Disamban 2016.

Rikicin yana tsakanin na biyu da na uku. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta yanke hukunci biyu da har yanzu ake komawa gare su. A 1975, a shari'ar kamfanin kayan kwalliya mai suna Koscot, ta ce idan mutum ya biya kuɗi don ya samu izinin sayar da kaya da kuma ladan shigo da wasu, ladan da bai da alaƙa da sayar wa ainihin masu amfani da kayan, to wannan damfara ce ko da akwai kaya a tsakani. A 1979 kuma ta wanke Amway daga wannan zargi, saboda kamfanin ya nuna yana da ƙa'idoji: wakili ya sayar wa aƙalla mutum 10 a wata kafin ya ci kamasho, ya sayar da kashi 70 cikin 100 na kayan da ya saya, kuma kamfanin ya karɓi kwantai ya mayar da kuɗi. Wannan hukunci na 1979 shi ya buɗe ƙofa. Shekara guda bayansa Herbalife ta shigo.

Saurayin da ya fara daga but ɗin mota

An haifi Mark Hughes a Janairun 1956 a California. Bai kammala sakandare ba. Ya faɗa shaye-shaye tun yana yaro, har aka kai shi CEDU, wata makarantar kwana ta gyaran tarbiyya da ke kan tsaunukan kudancin jihar. A can aka gano baiwarsa. Makarantar na tura ɗalibai su sayar da tikitin tara kuɗi, Hughes ya zama gwaninsu, har ana ba da labarin cewa ya karɓo dala 500 daga hannun Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. A tsakiyar shekarun 1970 ya yi wakilcin wasu kamfanonin netwok masu sayar da kayan rage ƙiba, ciki har da wanda ke yin Slender Now. Da suka durƙushe sai ya haɗa kai da Richard Marconi, mai masana'antar haɗa irin waɗannan kaya, ya fara sayar da nasa daga but ɗin motarsa a Fabrairun 1980, yana da shekara 24.

Babban kayan shi ne wani gari mai sinadarin furotin da ake damawa a sha a madadin abinci, Formula 1, tare da ƙwayoyin bitamin da na ganyayyaki. Ƙa'idar ita ce a sha garin sau biyu a rana, a ci abinci sau ɗaya. Duk wanda ya rage cin abinci haka zai rame, ko da wane gari ya dama, kuma wannan ne ya sa shaidar "na gwada na gani" ba ta yi wuyar samu ba.

Amma abin da ya fi garin tasiri shi ne labarin da Hughes ke bayarwa a kowane taro. Yakan ce mahaifiyarsa ta yi fama da ƙiba, ta yi ta shan ƙwayoyin ramewa masu haɗari har suka kashe ta tana da shekara 36, shi ya sa ya ɗauki alkawarin samar wa duniya hanyar rage ƙiba mai aminci. Dubban wakilai sun haddace wannan labari suna maimaita shi. Bayan mutuwarsa, jaridar Los Angeles Times ta buga bincike a 2001 wanda ya nuna takardar binciken gawar matar ta 1975 ta ɗora mutuwar a kan propoxyphene, maganin kashe zafin ciwo, kuma nauyinta a lokacin bai kai kilo 50 ba. Mutuwar gaskiya ce, baƙin cikin ɗan ma babu dalilin musa shi. Dalilin mutuwar ne aka gyara ya dace da kayan sayarwa.

Dabararsa ta talla ba ta buƙatar ilimi ko jari mai yawa. Ka sha kayan, ka maƙala bajo a ƙirji mai ɗauke da rubutun "rage ƙiba yanzu, tambaye ni yadda ake yi", duk wanda ya tambaya ka ba shi labarinka. Ya kuma sayi lokaci a tashoshin talabijin yana nuna tarurrukansa, inda talakawa ke hawa dandamali suna faɗin kilo nawa suka zubar da dala nawa suka samu. A 1982 kamfanin ya shiga Kanada. Zuwa 1985 cinikinsa na shekara ya haura dala miliyan 400.

Yadda kuɗin ke zagayawa

A nan ne ya kamata a tsaya, domin duk gardamar da aka yi daga baya a kan wannan lissafi take.

A tsarin da Herbalife ta daɗe a kansa, sabon wakili yana samun rangwamen kashi 25 cikin 100. Kayan da aka rubuta wa dala 100 zai saye shi a kan 75, in ya samu wanda ya biya cikakken farashi ya ci ribar 25, kafin a cire kuɗin aiko kaya da haraji da zirga-zirga. Rangwamen yana ƙaruwa da yawan sayayya, har ya kai kashi 50 ga wanda ya hau matsayin sufabaiza. Hanya mafi sauri ta hawa wannan matsayi ita ce tara maki 4,000 a wata guda, wato odar kayan dubban daloli. Sufabaiza ne ke da damar cin kamashon da ya kai kashi 5 a kan cinikin sufabaizoji hawa uku da ke ƙarƙashinsa. Sama da shi akwai wasu matakai masu ƙarin garaɓasa, a can ƙoli kuma ana raba kashi 1 na cinikin duniya baki ɗaya tsakanin manyan wakilai ƙalilan, kyautar da har yau ke ɗauke da sunan Mark Hughes.

Abin lura shi ne, a wancan tsari, ana lissafa maki ne a kan abin da wakili ya saya daga kamfani. Ko ya sayar wa maƙwabcinsa, ko ya shanye, ko kwalayen suna jibge a garejinsa, ubangidansa ya riga ya ci kamashonsa. Don haka ubangida yana da dalilin matsa wa yaronsa ya yi babbar oda don "ya cancanta", shi kuma yaron, da kaya suka yi masa kwantai, hanya mafi sauƙi ita ce ya nemo wani ya yi masa irin abin da aka yi masa. Ga kuma wata matsala: kowa na iya yin rajista ya samu rangwamen kashi 25, to wa zai yarda ya biya dala 100 cif? Wakilai da yawa sun ƙare suna karya farashi don kawai su maido da uwar kuɗi.

Sai batun lissafin yawan mutane. A ce kowane wakili zai kawo biyar. Hawa na farko mutum 5, na biyu 25, na uku 125, na shida 15,625. Hawa na goma sha biyu kaɗai yana buƙatar mutum sama da miliyan 244, fiye da kiyasin yawan 'yan Najeriya, na goma sha biyar kuma ya ninka mutanen duniya. A kowane lokaci aka tsayar da lissafin, kusan huɗu cikin biyar na mahalarta suna hawa na ƙarshe ne, ba su da kowa a ƙarƙashinsu. Masu kare tsarin suna amsa cewa a zahiri ba haka ake girma ba, tunda mutane na shiga suna fita, shi ya sa kamfanin ya shekara sama da 40 bai rushe ba. Masu suka kuma suna cewa wannan shiga da fita ita ce hujjarsu: waɗanda suka yi asara suka tafi ne ake maye gurbinsu da sababbi kowace shekara.

Karon farko da hukuma

Tun a 1982 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta rubuta wa kamfanin kan wasu tsirrai masu haɗari da ke cikin ɗaya daga kayansa, da kuma iƙirarin warkar da cututtuka da ke cikin takardun horar da wakilai. An cire tsirran. A Maris na 1985 babban lauyan jihar California ya shigar da ƙara kan iƙirarin ƙarya game da kayan da kuma tsarin biyan wakilai. A watan Mayu wani kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata William Roth ya gayyaci Hughes. Masana abinci sun ba da shaida a kan kayansa, shi kuma da ya zo sai ya tambayi sanatocin cewa in da gaske waɗannan ƙwararru ne a harkar rage ƙiba, me ya sa su kansu suke da ƙiba. Magoya bayansa da suka cika harabar majalisar sun ji daɗin maganar, amma ciniki ya faɗi warwas, an sallami ɗaruruwan ma'aikata.

A 1986 aka yi sulhu da California: kamfanin ya biya dala 850,000 ba tare da amsa laifi ba, ya kuma yarda ya daina wasu iƙirarai. A shekarar ce ya fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar NASDAQ. Daga nan Hughes ya mayar da hankali ƙetare, Turai da Asiya da Latin Amurka, inda labarin shari'ar bai kai ba ko bai dami kowa ba. Zuwa 1996 kamfanin ya sanar da cinikin dala biliyan 1.

Dokar 1994 da batun lafiya

Akwai wata doka da ta taimaki dukkan masu wannan sana'a. A 1994 majalisar Amurka, bisa jagorancin Sanata Orrin Hatch da Sanata Tom Harkin, ta zartar da dokar da ta sanya kayan ƙarin gina jiki a sahun abinci. Ma'anarta, kamfani ba ya buƙatar tabbatar wa FDA cewa kayansa na aiki kafin ya kai kasuwa, saɓanin magani. Hukumar ce za ta nemo hujjar cutarwa kafin ta janye shi. An yarda kwalba ta ce tana "taimaka wa garkuwar jiki", an hana ta cewa tana warkar da cuta. Sai dai abin da doka ta hana a rubuta a jikin kwalba, wakili na iya faɗinsa da baki a falon wani, inda babu jami'in da ke saurare. Wannan giɓi na daga cikin dalilan da suka sa kayan gina jiki suka fi komai dacewa da tsarin netwok.

Wasu kayan Herbalife na shekarun 1990 sun ƙunshi ephedra, tsiro mai zaburar da bugun zuciya. Kamfanin ya daina amfani da shi a 2002, FDA kuma ta haramta shi a 2004. A 2007 likitoci a Isra'ila da Switzerland sun wallafa rahotannin wasu marasa lafiya da hantarsu ta taɓu suna cikin shan kayan kamfanin. Herbalife ta musanta cewa kayanta ne sanadi, tana nuni da cewa adadin ƙanƙani ne in an kwatanta da miliyoyin masu sha, kuma ba a gano takamaiman sinadarin da za a ɗora wa laifi ba.

Mutuwarsa da rabon gado

A 1999 Hughes, wanda ke riƙe da fiye da rabin hannun jarin kamfanin, ya nemi ya saye sauran ya fitar da shi daga kasuwar hannun jari. Rancen da yake nema bai samu ba, aka janye shirin a Afrilun 2000. Ranar 21 ga Mayu aka tarar da gawarsa a gidansa na bakin teku da ke Malibu. Binciken hukuma ya ce haɗuwar barasa mai yawa da doxepin, maganin ciwon damuwa, ita ta kashe shi, kuma ba da gangan ba ne. Ga mutumin da ya gina sunansa a kan lafiya da guje wa ƙwayoyi, labarin ya girgiza wakilansa, waɗanda yawansu ya kai kusan miliyan guda a ƙasashe wajen 50.

Ya yi aure huɗu, ya bar ɗa guda mai shekara takwas da dukiyar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 400 a hannun amintattu. An shafe shekaru ana shari'a a kanta, har kotu ta tsige amintattun uku a 2013. Wani fili mai eka 157 da ya saya a kan tsaunin Beverly Hills don gina katafaren gida, wanda bai rayu ya gina ba, an taɓa sa masa farashin dala biliyan 1. A 2019 ya koma hannun asusun magajin a gwanjon bashi a kan dala 100,000.

Shi kuwa kamfanin bai mutu da mai shi ba. A 2002 wasu kamfanonin zuba jari biyu, Whitney da Golden Gate Capital, suka saye shi a kan dala miliyan 685, suka ɗauko Michael Johnson daga Disney ya shugabance shi a 2003, suka mayar da shi kasuwar hannun jari ta New York a 2004. Sabon salon ya haɗa da ɗaukar nauyin wasanni, kamar ƙungiyar LA Galaxy da Cristiano Ronaldo, da kuma kulob-kulob na shan kayan da aka kwaikwayo daga wakilan Meziko. Maimakon a nemi talaka ya sayi gwangwanin wata guda, sai ya zo wani ɗan shago kowace safiya ya biya kuɗi kaɗan, a ba shi ruwan aloe, kofin shayi, da kofin garin da aka dama. A tsofaffin ƙa'idojin kamfanin, irin wannan shago ba ya kafa allon talla, ana rufe tagoginsa, sai wanda aka gayyata ke shiga. Salon ya bazu sosai a unguwannin 'yan asalin Latin Amurka da ke Amurka.

Faɗan attajirai biyu da hukuncin 2016

A Disamban 2012 Bill Ackman, mai kamfanin zuba jari na Pershing Square, ya tara jama'a a New York ya yi bayanin kusan awa uku cewa Herbalife damfarar kawo-mutum ce, kuma ya sa dala biliyan 1 a kan cewa hannun jarinta zai faɗi. Yadda ake yin haka shi ne mutum ya ari hannun jari ya sayar yau, yana fatan farashi ya karye ya sayo da araha ya mayar wa mai shi. Wani attajirin, Carl Icahn, wanda dama ba sa ga maciji da Ackman, ya shiga sayen hannun jarin har ya mallaki kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A Janairun 2013 su biyun suka yi cacar baki kai tsaye a tashar CNBC. Dukkansu kuɗi suke nema. Babu wanda ya shiga faɗan don Allah, ko da yake Ackman ya ce zai ba da ribarsa sadaka.

FTC ta buɗe bincike a Maris na 2014, ta sanar da sakamako ranar 15 ga Yulin 2016. Ta ce mafi rinjayen waɗanda suka shiga don neman kuɗi ba su samu komai ba ko kuma abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Fiye da rabin wakilan da suka kai matsayin sufabaiza zuwa sama sun karɓi ƙasa da dala 300 daga kamfanin a duk shekarar 2014. Kuma wani bincike na kamfanin kansa ya nuna masu kulob sun kashe kimanin dala 8,500 wajen buɗewa, kashi 57 cikin 100 nasu ba su ci riba ba ko sun yi asara. Herbalife ta amince ta biya dala miliyan 200, ba tare da amsa laifi ba, ta kuma sake tsarinta a Amurka: a raba masu saye don amfanin kansu da masu neman kasuwanci, aƙalla kashi biyu cikin uku na ladan wakili ya dogara a kan cinikin da aka tabbatar da rasit, kashi 80 na cinikin kamfanin ya kasance ga ainihin masu amfani in ba haka ba a rage kamashon manya, kuma mai bincike mai zaman kansa ya sa ido na shekara bakwai. A farkon 2017 aka aika wa mutum kusan 350,000 cakin diyya.

Abin da ya ruɗa mutane shi ne hukumar ba ta kira kamfanin damfarar kawo-mutum a takardunta ba. Herbalife ta ɗauki hakan a matsayin wankewa. Da 'yan jarida suka tambayi shugabar hukumar, Edith Ramirez, sai ta ce ba a yanke cewa kamfanin ba irin wannan damfara ba ne, hankalinsu yana kan ayyukan da suka gani, ba laƙabi ba. Kasuwa ta bi fassarar kamfanin, hannun jari ya tashi. Ackman ya janye a 2018 da asara mai yawa, Icahn ya fita a 2021 da ribar sama da dala biliyan 1. A tsakani, a 2020, kamfanin ya biya hukumomin Amurka kimanin dala miliyan 123 kan zargin ba jami'an China cin hanci.

Inda ɓangarorin suka tsaya

Masu kare Hughes suna cewa ya ba wanda ba shi da digiri ko jari damar fara sana'a da kuɗi kaɗan. Akwai kaya na gaske da miliyoyin mutane ke saye don suna so. Yawancin waɗanda ake lissafawa a matsayin "wakilan da ba su samu komai ba" sun yi rajista ne don rangwame kawai. Kuma kamfanin da ke aiki a ƙasashe sama da 90, ciki har da Ghana da Afirka ta Kudu, da cinikin da ya kusa dala biliyan 6 a 2021, ba zai rayu haka a kan iska ba. Suna kuma nuni da Beljiyam, inda wata kotu ta kira tsarin haramtacce a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013.

Masu suka suna cewa abin da ake tallatawa a tarurruka shi ne motoci da gidaje da barin aikin albashi, alhali alƙaluman kamfanin sun nuna 'yan ƙalilan ne ke kaiwa can, kuma alƙaluman ba sa cire abin da wakili ya kashe. A 2024 ma'aikatan FTC sun duba bayanan kuɗin shiga na kamfanonin netwok 70, suka gano yawancin mahalarta suna samun dala 1,000 ko ƙasa da haka a shekara. Suna ƙarawa da cewa sharuɗɗan 2016 a Amurka kaɗai suke aiki, alhali mafi yawan cinikin kamfanin a waje yake.

Ƙasashe da malamai ma sun rabu. China ta haramta sayarwa hannu-da-hannu gaba ɗaya a 1998, ta dawo da ita a 2005 amma ba tare da kamasho mai hawa-hawa ba. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta irin wannan tsari a 2004, yana mai cewa kamashon ake nufi, kayan fakewa ce kawai, kuma akwai garari, wato rashin tabbas a ciniki, da cin dukiyar mutane da ɓarna. Majalisar malaman Indonesiya kuwa ta halatta shi a 2009 da sharuɗɗa, daga ciki har da a samu ciniki na gaske, kada a tsawwala farashi, kuma lada ya zo daga aikin sayarwa. In an duba da kyau, tambaya ɗaya malaman da FTC suke yi: kuɗin da na sama ke ci, daga mai sayen kaya ya fito ko daga sabon shiga?

Abin da ya shafi mai karatu

Salon da Hughes ya goge ya kai garuruwanmu ta hannun wasu kamfanoni irin su Forever Living, NeoLife, Tiens da Longrich, kowanne da nasa tsarin biya, kuma abin da aka samu a wani ba hujja ba ce a kan wani. Amma ma'aunin da shari'ar Herbalife ta fitar yana aiki a kan kowa. Wanda aka gayyata zai iya tambayar ko ana biyan kamasho ne a kan abin da ya saya ko a kan abin da ya sayar, ko dole ne ya yi odar wani adadi kowane wata don kada makinsa ya zube, ko kamfanin na karɓar kwantai ya mayar da kuɗi, da kuma ko akwai wanda zai sayi kayan a kan wannan farashi in babu alkawarin samun kuɗi a tare da shi. Ita Herbalife yanzu tana alkawarin mayar da cikakken kuɗin kayan da ba a buɗe ba waɗanda aka saya cikin wata 12, ga wakilin da ya yanke shawarar fita.

Asarar ba ta tsaya kan jari ba. Tunda kasuwar wakili ita ce danginsa da abokansa da 'yan unguwarsu, in abin ya lalace zumunci ne ke biyan bashin, musamman ga matan aure da ɗalibai da aka fi nufa da tallan "sana'a daga gida". A ɓangaren lafiya kuma, haɗarin da ya fi girma shi ne mai ciwon suga ko hawan jini ya ajiye maganin asibiti saboda wakili ya ce masa garin ya wadatar. Lambar NAFDAC da ke jikin irin waɗannan kaya ba shaidar warkarwa ba ce; kayan ganyayyaki da hukumar ta yi wa rajistar wucin gadi an duba amincin shansu ne kawai, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Ita kuma dokar 2025 tana magana ne a kan haramtattun tsare-tsaren zuba jari, ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya, don haka kamfanin da ke da kaya a hannu ba ya faɗawa cikinta kai tsaye sai an bi yadda yake biyan mutanensa an ga daga ina kuɗin ke fitowa.